Mai Hawan Jini, Kuma a Ce Ba Shi da Jini?



Da wuya a sami kalmar da Hausa ta ɗora wa kaya kamar jini. Mukan ce wane yana da farin jini, wance ta yi baƙin jini a gidan miji, su wane jininsu bai haɗu ba, marar gaskiya ya sha jinin jikinsa. Duk waɗannan ado ne na harshe, ba su taɓa cutar da kowa ba. Amma akwai wurin da kalmar take rikita mu har ta kai ga asarar rai, wato bakin gadon asibiti. A can ake jin hawan jini, da bugun jini, da ƙarancin jini, da ƙarin jini, wani lokacin duk a kan mutum ɗaya, a yini ɗaya. Sai mai jinya ya tsaya ya rasa wanne zai kama.

Mu da muke karanta littattafan juna mun san yadda abin yake zuwa a labari. Alhaji zai sami labarin an kama kayansa a kan iyaka, ko 'yarsa ta ƙi zaɓinsa, sai ya dafe ƙirji ya yanke jiki ya faɗi. A shafi na gaba likita zai fito ya ce jininsa ne ya hau, ɓarin jikinsa ya shanye. Idan ana so a nuna halaccin saurayin da Alhaji ya wulaƙanta, sai a ce ana bukatar jini da gaggawa. Saurayi ya miƙa hannu, a ɗiba, Alhaji ya miƙe garau, a sa ranar biki. Labari ya yi daɗi, amma mai karatu ya tashi da tunanin cewa leda ɗaya ta jini tana tayar da ɓarin da ya shanye. Mutane da yawa a littafi da fim suke fara sanin asibiti, kuma da abin da suka gani a can suke shiga na gaskiya.

Mu mun shiga na gaskiyar ne da kawunmu, yayan mahaifiyarmu, tela ne da ya haura sittin. Ya daɗe da hawan jini, ga ciwon gwiwa da ya sa kullum sai ya aika kemis an sayo masa maganin kashe zafi. Wata safiya bakinsa ya karkace, hannun dama ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe. Aka yi hoton ƙwaƙwalwa, aka ce jijiya ce ta toshe. Da sakamakon gwajin jini ya dawo, likita ya ce jininsa ya yi ƙasa sosai. Gwaggonmu, wadda ita ce babba a wurin, ta dube shi ta ce, "Likita, Allah ya gafarta maka, mutumin da shekara goma ana cewa jini ya yi masa yawa, yau kuma a ce ba shi da jini?" Likitan ya ce, "Hajiya, ai abu biyu ne daban, suna ne kawai ya haɗa su." Wannan tambaya ta Gwaggo ita ta sa muka zauna muka yi ta karatu da tambayar ma'aikatan lafiya, kuma abin da muka fahimta shi muke so mu raba da ku.

Hawan jini ƙarfin da jini yake tunkuɗar bangon jijiya ne, kamar ƙarfin ruwa a cikin tiyo. Ƙarancin jini kuwa magana ce ta abin da ke cikin ruwan. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himoglobin, shi ne yake ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan himoglobin ya gaza giram 13 a kowace desilita ga namiji baligi, ko giram 12 ga macen da ba ta da ciki, to akwai ƙarancin jini. A asibitocinmu an fi jin PCV, wanda adadinsa yakan kai kusan ninki uku na himoglobin. Saboda haka mutum yana iya zama tiyonsa na neman fashewa don ƙarfi, alhali ruwan da ke gudu a ciki tsararo ne. Wanda ya je wurin wanzami aka yi masa ƙaho don a rage masa jinin da ya yi yawa bai sauke hawan jininsa ba, in ma yana da ƙarancin jini to ya ƙara wa kansa.

Ita ma shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Akwai wadda jijiya take fashewa jini ya malala a ƙwaƙwalwa, akwai wadda gudan jini yake toshe jijiya, sashen da take shayarwa ya rasa abinci da iska. Ta biyun ta fi yawa. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, aka wallafa a 2018, ya gano cewa kusan kashi 68 cikin 100 na majinyatan da aka duba toshewa ce ta same su, kuma hawan jini ne kan gaba a cikin musabbabai. Ido ba ya bambance iri biyun nan, sai hoton ƙwaƙwalwa. Shi ya sa bai halatta a jefa wa mutum asfirin a gida ba don an ji ana ba masu wannan ciwo, domin idan fashewa ce an ƙara buɗe wa jini hanya.

To ina ƙarancin jini ya shigo? Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin ɗin da jiki yake amfani da shi. Idan jijiya ta toshe, tsakiyar wurin yakan mutu cikin 'yan mintuna. A kewayensa kuwa akwai yankin da bai mutu ba, bai kuma tsira ba, yana rayuwa da ɗan abin da ƙananan jijiyoyin maƙwabta suke tsarto masa. Kamar gonar da ke ƙarshen fadama ce, ruwa na isa gare ta amma da ƙyar. Duk ƙoƙarin likitoci a sa'o'i da kwanakin farko a kan wannan yanki yake. Idan ɗan jinin da yake isa wurin ma ba ya ɗauke da isasshen oksijin, ka ga an haɗa masa zafi biyu. Wani bincike da aka yi a Ingila a kan majinyata fiye da 8,000, aka wallafa a 2016, ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu suna da ƙarancin jini tun ranar da aka kwantar da su, kuma mutuwa ta fi yawa a cikinsu har zuwa shekara guda bayan ciwon. Wanda ya rayu ma, gajiya da haki sukan hana shi jure gashi da motsa jikin da za su dawo masa da tafiya.

Duk wanda ya ji wannan, abin da zai fara zuwa masa shi ne a yi maza a ƙara jini. Haka 'yan dubiya suka yi ta faɗa a kan Kawu, har wani yana cewa an raina mu ne don ba mu da kowa a asibitin. Amma likitocin ba su fara da leda ba, da tambaya suka fara. Wane magani yake sha? Tun yaushe? Yaya launin bayan gidansa? A nan ne matarsa, cikin jin nauyi, ta ce ya yi makonni yana yin baƙi ƙirin kamar kwalta, shi kuma ya hana ta faɗa wa kowa. Magungunan gwiwar nan, irin su diklofenak da ibufurofen, sun ci bangon cikinsa sun yi gyambo, jini yana ta tsiyaya a ɓoye. Ruwa ba ya tsami banza. Da an tsaya ga ƙarin jini kaɗai, da an yi ta zuba ruwa a tulu mai huda.

Wannan shi ne ginshiƙin maganin ƙarancin jini ga babba: a nemo ta inda yake zuba, ko abin da ya hana ɓargo ƙera sabo. Ga dattijo, gyambon ciki ne, ko basir mai jini, ko wani tsiro a hanji. Ga mace mai sauran shekaru, yawan jinin al'ada ko haihuwa kusa da kusa. Akwai tsutsar ciki mai shan jini, da tsargiya, da maleriya, da rashin sinadarin ƙarfe ko folik asid ko bitamin B12 a abinci. Akwai kuma ciwon ƙoda, wanda hawan jini da ciwon suga suke jawowa, domin ƙoda ce take fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya yi jini. Kowanne da maganinsa. Abin ya fi tsanani ga mai toshewar jijiya saboda maganin da zai kare shi daga bugu na biyu, wato asfirin da danginsa, shi kansa yana sa jini ya ƙi tsayawa. Likita yana tsakanin wuta biyu ne: ya ba da maganin, gyambo ya ƙara zuba, ya hana, jijiya ta sake toshewa. Ba zai iya auna wannan ba sai an gaya masa gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Idan rashin sinadarin ƙarfe ne, ƙwayar ayon ce magani, kuma tana cikin mafi arha a kemis. Sai dai ba ta da gaggawa. Akan ɗauki makonni kafin a ga jini ya ɗago, kuma akan ci gaba da sha kamar wata uku bayan ya daidaita don rumbun jiki ya cika. Tana mayar da bayan gida baƙi, tana iya kawo taurin ciki, shi ya sa mutane da yawa suke yar da ita a mako na biyu. Shayi yana hana jiki tsotse ta, ga mu kuwa da shayi muke karyawa, mu kora magani da shi. Lemo da goba suna taimaka mata. Wanda cikinsa ya ƙi karɓar ƙwayar, ko ake bukatar sauri a kansa, ana yi masa ta jijiya a asibiti. Hanta da nama da kifi da wake da zogale da alayyahu suna da amfani, amma tallafi ne, ba sa maye gurbin magani idan jini ya riga ya faɗi ƙasa.

Ƙarin jini kuwa yana da lokacinsa. A da, likitoci sukan ƙara da zarar himoglobin ya gaza 10. Wani gwaji da aka yi a Kanada a kan majinyata masu tsananin ciwo, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa jira har ya sauka ƙasa da 7 bai ƙara yawan mutuwa ba, kuma tun daga nan yawancin ƙa'idoji suka koma kan 7 ga majinyacin da jikinsa ya natsu. Dalili shi ne ledar jini ba ruwan sanyi ba ce. Tana iya cika wa zuciyar mai hawan jini kaya har ruwa ya taru a huhu, jiki yana iya ƙin ta, tana iya ɗauko cuta idan ba a tace ta da kyau ba, kuma jini mai kauri da yawa shi ma yana wahalar ratsa ƙananan jijiyoyi. Sai dai ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana iya bukatar fiye da abin da sauran jiki zai haƙura da shi. A 2024 wani gwaji mai suna TRAIN ya nuna cewa masu raunin kai da masu zubar jini a ƙwaƙwalwa sun fi samun sauƙi idan aka ƙara musu tun daga ƙasa da 9, ko da yake masu toshewar jijiya ba sa cikin waɗanda aka gwada. Saboda haka likita yakan duba lamba, ya kuma duba mutum: yana zubar da jini yanzu? Zuciyarsa lafiya? Alamominsa suna ƙaruwa? A kan Kawu, sai a kwana na huɗu, da jinin ya sake sauka, suka ce a kawo leda biyu, kuma a hankali aka sa masa, nas tana zuwa tana auna shi.

Akwai allurar da take zaburar da ɓargo, wadda ake yi wa masu ciwon ƙoda. Da jin aikinta sai ka ce an huta da neman jini. Amma wani gwaji da aka wallafa a 2009, a kan mutum kusan 4,000 masu ciwon suga da ciwon ƙoda, ya nuna waɗanda aka yi wa irin wannan allura sun kusa ninka sauran wajen samun shanyewar ɓarin jiki. Ga wanda ya riga ya taɓa samu, likitoci suna taka-tsantsan da ita ƙwarai, kada garin neman gira a rasa ido.

Wuri ɗaya da ƙarin jini yake zama maganin bugun kansa shi ne ga mai sikila, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar masu amosanin jini. A jikinsu ƙwayoyin jinin ne suke lanƙwashewa su toshe hanya. Idan mai sikila, yaro ko babba, ya nuna alamar shanyewa, ana gaggauta ƙara masa jini, inda hali ya yi ma a musanya, a cire nasa a zuba lafiyayye, har kason jinin sikilar ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin 100. Don haka kalmar farko da ya kamata dangi su furta a bakin ƙofar asibiti ita ce, "Yana da sikila."

Sai abin da ya fi tsaya mana a rai, wato soyayyar 'yan dubiya. Da an ji ƙarancin jini, sai kaya su fara shigowa: maltina da madarar gwangwani, zoɓo, ruwan ganyen ugu, farfesun hanta, da kwalaben maganin ƙarin jini kala-kala. Wata ƙanwar kakarmu ta zo da nata haɗin a jug, ta ɗago kan Kawu za ta ɗura masa, nas ta riƙe hannunta ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba a gwada haɗiyarsa ba tukuna." Inna ta ji haushi, ta ce yaran zamani sun fi son mutum ya mutu da yunwa. Amma nas ɗin ce da gaskiya. Shanyewar ɓarin jiki takan taɓa tsokar maƙogwaro, abin da aka zuba a baki ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, wani ma ko tari ba zai yi ba balle a gane ya ƙware. Bayan kwana biyu sai zazzaɓi da nimoniya, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan ciwo a makonnin farko. Sai an gwada haɗiya ake ba da ko da ruwa, wanda ya kasa kuma a sa masa roba ta hanci. Ita kuwa maltina da madara, daɗi ne da suga, ƙarfen da ke ciki bai taka kara ya karya ba.

Da aka zo neman leda biyun nan muka ga wani abu. Mutanen da suka cika baranda, masu cewa a ƙara jini tun ranar farko, sai suka fara sulalewa. Wannan ya ce yana azumi, wancan ya ce shi ma jininsa bai cika ba, wani ya ce an ce wanda aka ɗebi jininsa ba ya ƙara ƙarfi. Alhali babba yana da kusan lita 5 a jikinsa, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, ruwansa yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. Ba a ma ɗiba sai an gwada an ga mutum yana da isasshe. A ƙarshe wani almajirin Kawu a shago da ɗaya daga cikinmu ne suka bayar. Asibitocinmu har yau da jinin dangi suka dogara, wanda ba shi da mai ba shi kuwa sai abin da Allah ya yi.

Kawu ya fita bayan kwana goma sha shida. Jinin da aka ƙara masa bai ɗaga hannunsa ba, ba kuma don haka aka ƙara ba. Ya dai ba shi ƙarfin zama da tsayuwa, ya iya jure gashi. An raba shi da maganin gwiwar kemis, an ba shi na gyambo da ayon, aka dawo masa da asfirin a lokacin da likitoci suka ga ya dace. Yanzu yana takawa da sanda, yana zama a shago yana yi wa yara gyara da baki, amma almakashi ya gagare shi.

'Yan uwa, ba muna cewa kowane labari ya koma darasin kiwon lafiya ba ne. Muna cewa gaskiyar asibiti ta fi abin da muke ƙirƙira armashi. Matar da ta san sirrin mijinta kuma kunya ta hana ta faɗa, tsohuwar da take ganin an hana ta ceton ɗanta, likitan da ake zargi da raini alhali yana auna rai tsakanin hatsari biyu, baranda cike da dangi amma babu mai miƙa hannu: wane babi ne ba zai tsayu da waɗannan ba? Idan za mu kayar da Alhaji a labari, mu bar mai karatu ya ga baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ya kuma ga an garzaya asibiti nan take, domin allurar narkar da gudan jini tana da wa'adi na awa huɗu da rabi daga fara alamun. Idan za mu sa likita ya ce jini ya yi ƙasa, mu bar wani a cikin labarin ya yi tambayar Gwaggo, a kuma ba shi amsa. Wata rana wata mai karatu za ta tsaya a bakin gadon mahaifinta da kofi a hannu, kuma abin da ta taɓa karantawa a wurinmu yana cikin abin da zai sa ta ɗura ko ta dakata.

Wanda yake da hali a cikinmu ya je a auna masa hawan jini da yawan jini, ya san rukunin jininsa da matsayinsa na sikila, in ya cancanta ya ba da leda ɗaya tun kafin a kira shi a kan nasa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani. Sai mun ji ra'ayoyinku, musamman waɗanda suka taɓa zaman jinya.